Kaburburan da Aka Baje Saboda Baƙi

Ruwan bana bai bar kowa ba, har waɗanda suka riga mu kwanciya. Ya ci katangu, ya kwashe gonakin bakin ƙorama, sannan ya shiga makabartarmu ya rufta kaburbura, wasu har itacen rufi ya leƙo waje. Liman ya yi shela a fito gayya a gyara. Maza suka fita da fartanya da shebur, mu mata aka ce mu dama fura mu kai.

Makabartar tamu 'yar ƙarama ce, tana gefen hanyar da ta rabu da kwalta tsakanin Tsarnawa da Malbaza ta shigo garinmu, don haka duk mai shigowa sai ya bi ta jikinta. Mace ba ta shiga, na sani, amma ba a taɓa hana mace ido ba. Tun da aka kawo ni garin nan nake wucewa ta wurin, da tulu ko da itace a ka.

Da na kawo ƙwaryar furar bakin shinge, sai na hangi samari sun ɗaure jakin amalanke a gindin aduwar da ke gabas, sun baje a ƙasa sun miƙe ƙafafu, kowa da salula a hannu. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, ku tashi nan! Bisa mutane kuke zaune."

Wani jikan Maigari Arzika ya dube ni yana murmushi. "Haba Inna, nan ai hili na. Ga kushewa can inda tuddai suke."

Ban ga laifinsa ba. Lokacin da aka binne su ba a haife shi ba, kuma gidansu ba gidan da za a ba shi wannan labari ba ne. Kabarin kakansa na can tsakiya, ruwa bai taɓa shi ba, don ɗansa mai tuƙa motar siminti a Malbaza ya zagaye shi da bulo, ya kafa ƙarfe da suna a jiki, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba a garin nan. Liman ya gani ya kau da kai. Mutumin da ya sa aka baje kaburburan jama'a, nasa ne ya fi na kowa tsayi. Duk sanda na wuce nakan yi wa mutanen makabarta addu'a, ban taɓa ware shi da baki ba, amma Allah ya san ba da shi nake ba.

A gindin aduwar nan Baba Ɗan-Tani yake, maginin rumbu. Babu rumbun laka a garin nan da bai bi ta hannunsa ba. Gajere ne, mai yawan tsaki, ba ya yarda a miƙo masa laka sai ya shinshina ta, in bai ji ta ruɓa yadda yake so ba ya ce a mayar. Kusa da shi Iya Gaje ce ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin, mai cin goro da haƙori ɗaya, wadda in kina naƙuda kika yi ihu sai ta ce, "Yi shiru, ni ban aike ki ba." Sai yara, da yawa, ba zan ƙirga su ba. Cikinsu akwai Sule ɗan Hasiya.

Hasiya maƙwabciyata ce, zana ɗaya ta raba mu. Mijinta ɗan ƙanen Maigari ne. Wata ɗaya muka haihu, ni na sami Balki, ita ta sami Sule, Iya Gaje ce ta karɓe su duka. Hasiya mace ce mai sanyi, mai kunyar da har takan ba ni haushi, in surukinta ya yi tari a waje sai ta gyara ɗankwali a cikin ɗaki. Ni kuwa 'yar bakin kwalta ce daga wajen Tsarnawa, tun ina amarya aka gama da ni cewa bakina ya yi yawa.

Daminar dubu biyu da huɗu ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fitar da kai. Muna kallon sama muna jira, sai fara ta zo ta gama abin da ya rage. Na tuna ƙarar cinta a gona, kamar ana yayyafi a kan kwano. Abin da muka girbe bai kai mu sanyi ba. Matasa suka watse, mijina Sha'aibu ya tafi Ikko ya ce zai aiko, aka bar gari da tsofaffi da mata da 'yan mazan da suka tsaya don gona.

Bazarar da ta biyo ban taɓa ganin irinta ba. Zafi ya sauko tun hantsi, ƙasa ba ta takuwa, iska in ta buso sai ta ƙona fuska. Muka fara da rage tuwo zuwa sau ɗaya, muka koma kunun dusa, muka koma garin rogon da ake shigowa da shi daga Najeriya in an samu. Da wannan ya gagara muka shiga daji. Da asuba mu mata mukan haɗu a bakin rijiya mu nufi tudu neman anza, mu tsinko 'ya'yanta, mu dawo rana tsaka kai na sarawa. A fasa, a dafa, a jiƙa, a yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko ya ragu yana nan a maƙogwaro har washegari. Ganyen jiga ma mun ci. Wasu sun haƙa gidan tururuwa sun kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara.

Amma ka zo ka ga mazan garinmu da la'asar a ƙofar masallaci. Kowa ya shafa ruwa a fuska, ya sa tsinke a baki yana sakace, wai ya ci wani abu da ya maƙale. Mu da muka dafa mun san ba abin da zai maƙale a haƙori cikin kunun anza.

Girman kan nan yana da tushe, ko da yake tushen ya daɗe da ruɓewa. Wai a wata yunwa ta zamanin kakanni, mutanen Hayi, garin da ke ƙetaren ƙorama, sun zo nan roƙon iri an ba su. Shi ke nan. Tun daga ranar garinmu ya ɗauki kansa mai ciyarwa. Yaro na tasowa za a gaya masa, mu ba mu roƙo, mu ake roƙa. Ba wanda ya taɓa ganin hatsin da aka bayar, ba wanda ya san ko tiya ce ko dami, amma labarin ya ishi kowa ƙoshi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka da ɗan irin da aka ɓoye wa ciki. A nan wahalar ta kai ƙarshe, don noma ba ya jiran mai yunwa. Daji ya yi kore shar, ƙasa na ƙamshi, tafasa ta fito muna tsinka muna dafawa ba gishiri ba ƙuli, amma ganye ba ya riƙe namiji a kan hauya. Na ga surukina Baba Nomau ya yi kunya guda ya zauna, ya tashi ya yi rabi ya sake zama. Mu da Hasiya mukan haɗa hannu, yau gonarsu gobe tamu, yaran na kwance a inuwar kalgo ba mai ƙarfin kuka.

Baba Ɗan-Tani ne ya fara tafiya. An same shi zaune ya jingina da rumbunsa, ƙafafu sun kumbura. Aka ce ciwon tsufa. Iya Gaje ta bi shi, aka ce zazzaɓi. Yara suka fara bi, aka ce iska, aka ce mayu, aka ce shawara. A garinmu ba wanda yunwa ta kashe, ku tambayi kowa.

Nonona ya ƙafe tun kafin shuka. Abin da ya riƙe Balki jar akuyata ce, wadda innata ta ba ni lokacin da aka kawo ni. Ta haihu ɗan ya mutu, nonon ya rage mana. Ni nake yankar mata ciyawa da hannuna, ni nake tatsa safe da yamma, ɗan abin da ya fito in raba biyu, rabi Balki rabi in miƙa wa Hasiya ta kan zana don Sule. Ba ya ƙosar da su, amma yana hana su tafiya. Duk da haka Balki ta koma ƙashi da fata, gashinta ya yi ja ya kwanta, in na ɗauke ta ba na jin na ɗauki komai.

Sai labari ya zo daga Tsarnawa cewa wasu mutanen furoje, masu aikin agaji, na yawo da mota ƙauye ƙauye, suna duba inda yunwa ta fi tsanani don a kawo hatsi. Sun je Hayi, mutanen Hayi sun buɗe musu rumbuna wayam, sun fito da yaransu, sun kai su har makabarta. Ranar kasuwa mai zuwa garinmu za su zo.

Mu mata muka ji daɗi, har Hasiya ta yi dariya, abin da na daɗe ban gani ba. Ba mu san dattawa sun taru a zauren Maigari ba. Abin da aka yanke a zauren ya iso mu ta bakin surukata Inna Kulu. Wai Maigari ya ce, "Mutanen Hayi sun tuɓe wando gaban baƙi, dama halinsu na. Mu ba mu yin haka. In anka rubuta garin ga cikin masu yunwa, wa za ya sake ba ɗiyanmu mata? Da wane ido za mu shiga kasuwa?" Dattawa suka ce gaskiya ne. Cikinsu har da wanda ya binne jikansa a makon.

Kwana biyu garin nan ya yi aikin da bai yi wa gona ba. Aka buɗe babban rumbun Maigari, wanda Baba Ɗan-Tani ya gina, aka cusa masa karan dawa har wuya, aka bi gida gida aka tattaro 'yan dammunan da suka rage aka jera a sama. Aka fito da manyan riguna daga adaka aka shanya. Aka zaɓi yaran da za su tsaya a gaba, jikokin Maigari da na mai kanti, masu sauran kumatu. Sauran aka ce kowace uwa ta riƙe nata a ɗaki har mota ta tashi.

Sai wani mai kaifin basira ya tuna da makabarta. Tana bakin hanya, ga sababbin tuddai jajaye a jere a gindin aduwa, makaho ma zai gani. Aka tambayi Liman. Liman ya shafa gemu ya ce ai dama ba a son kabari ya yi tudu da yawa. Ya shekara talatin yana sallar gawa a garin bai tuna da wannan ba sai ranar. Ina dawowa daga tsinkar tafasa na gan su da idona, maza da fartanya suna baje ƙasar kan Iya Gaje, matar da ta wanke su ranar da suka zo duniya. Suka kwashe fasassun tukwanen da aka sa alama, suka watsa busasshiyar ciyawa da tsohuwar ƙaya a kai. Na tsaya na dube su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗago.

Ranar da baƙin za su zo na fita da sassafe yankar ciyawa. Sama ta yi nauyi, zafi ya danne gari, irin na ranar da hadari ke haɗuwa. Na dawo da ciyawata a ka, na tarar da turke ba akuya. Na zagaya bayan ɗaki, sai ga fatarta an shanya an kafe da tsinke, ƙudaje na bi.

Baba Nomau na zaune a kan buzunsa. Bai dube ni ba ya ce, "Maigari ya aiko. Baƙi ba su zuwa garin ga su tashi ba a yanka musu ba. Ita ɗai ta rage da nama a jiki."

Na ce, "Baba, Balki hwa? Mi za ta sha?"

Ya ce, "Allah na nan."

Na san Allah na nan, ban taɓa shakka ba. Amma ba Allah ne ya aiko a kwance akuyata ba.

Mota ta iso wajen azahar, fara, ta yi kaca-kaca da laka. Mutum uku ne, direba, da wani babba mai tabarau wanda Hausarsa ke da ɗan nauyi, da wata mace ma'aikaciyar likita da suke kira Madam. Ina leƙe ta ramin zana. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure, dattawa suka jeru cikin manyan riguna suna ƙamshin adaka, kowa ya ja hannun riga ya rufe tsintsiyar hannunsa. Aka kai mai tabarau ya hau tsani ya leƙa rumbu, ya sauko yana gyaɗa kai. Aka turo yaran nan masu kumatu suka gaishe shi. Ya tambaya ko an yi mace-mace, Maigari ya ce, "Sai dai na ajali, ranka shi daɗe." Madam ta ce tana so ta shiga gidaje ta ga mata. Maigari ya yi dariya ya ce a ci abinci tukuna. Aka kawo tuwo da nama.

Ƙamshin naman nan ya shigo har ɗakina. Balki na kwance a tabarma, bakinta ya bushe, tana motsa leɓe. Ban yi shawara da kowa ba. Na goya ta, na yafa mayafi, na ɗauki ƙwaryar ruwa kamar an aike ni, na fita. Inna Kulu ta biyo ni tana kira ƙasa-ƙasa, ban waiga ba.

Na durƙusa na ajiye ruwan a gaban Madam. Ƙafar Balki ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi, Madam ta gani ta tsame hannunta daga kwano. Ta ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan lafiya?"

Inna Kulu ta riga ni. "Haƙora take, Madam. Haƙora na."

Na kwance goyon na ɗora mata Balki a cinya. Na ce, "Yunwa ta, Madam. Naman ga da kuke ci, shi ka ba ta nono har jiya."

Direban ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. Maigari ne ya fara samun bakinsa, ya yi wata dariya ya ce, "Ku yi haƙuri da ita, baƙuwa ta, ɗiyar bakin hanya. Tun da mijinta yat tahi kanta ba daidai yake ba. Ko wane gari ba a rasa yaro mai ciwo." Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, har da Baba Nomau, wanda jikarsa ce a kwance.

Madam ba ta kula su ba. Ta zaro wani ɗan zare mai launi ta naɗa a damtsen Balki, ta danna ƙafarta da yatsa, ta buɗe idonta. Ta ce, "Wannan ba ta kwana biyu nan gaba in ba a kai ta Konni ba. Akwai wuri a mota." Ta sake cewa a bar ta ta shiga gidaje. Maigari ya ce matan garin na kulle, mu da muke kwana a daji neman anza. Mai tabarau ya dubi gabas, hadari ya taso baƙi ƙirin, direba ya ce in ƙorama ta kawo ruwa nan za su kwana. Ban ga laifin mutumin ba sosai. Ya ga rumbu cike, ya ga yara da kumatu, ya ci nama, ya wuce makabarta bai ga sabon kabari ba. An yi masa wasa ne, kuma masu wasan sun ƙware.

Baba Nomau ya matso ya ce a hankali, "In kin shiga motag ga, sai in aika ma Sha'aibu shi san matsayinki."

Na ce, "Aika mishi, Baba. Ka haɗa da gaisuwata."

Na roƙi Madam ta jira ni kaɗan, na ruga gidan Hasiya. Tana zaune a bayan ƙyaure, Sule a cinyarta, cikinsa ya kumbura yana sheƙi. Ta ji duk abin da aka yi. Na ce, "Tashi, ɗauko shi, akwai wuri."

Ta ce, "Babanshi na waje cikin mutane."

"Bar shi nan cikin mutanen. Tashi!"

Hawaye na zuba ta ce, "In na hita yanzu gaban Maigari, ina zan sa kaina? Ke kin iya, ni ban iya ba. Bari in ya shigo in roƙe shi, gobe mu biyo ku."

Na kama hannunta na ja, ta riƙe ƙyaure. Na ce ta ba ni Sule in tafi da shi, ta ƙanƙame shi ta ce za a ce ta ba da ɗan mutane. Direba na ta danna oda, iska ta fara ɗaga tabarmi. Na sake ta na fita. Muna wuce makabarta ruwa ya kece. A hanya Madam da mai tabarau suka yi ta musu da Faransanci, ban ji ko kalma ba, amma na ga jijiyar wuyanta.

A Konni an kafa rumfunan tanti a likita, wato asibiti, mata cike daga ko'ina, har Buzaye da Fulani, kowace da abin da ya rage na ɗanta. Aka rataye Balki a sikeli, aka sa mata siririyar roba ta hanci ana ɗura madara kaɗan kaɗan. Kwanakin farko ba ta ko buɗe ido. Ina zaune ina kallon ƙirjinta, in ya ɗaga in yi numfashi. Kullum ina duban ƙofa ko zan ga Hasiya. Ran da Balki ta tsala kuka da murya har ta dami na kusa da mu, na yi dariya na yi kuka, wata Bafulatana ta dafa ni. Daga baya aka fara ba ta wani abu kamar tunkuza mai zaƙi a cikin 'yar leda, tana tsotsa tana lumshe ido.

Gero ya fitar da kai lokacin da aka sallame mu, da ƙunshin ledojin nan, aka ce nata ne ita kaɗai, in dawo da ita awo. Mota ta sauke mu a kwalta na tako da ƙafa. Da na zo makabarta ban ga tudu ko ɗaya ba, amma filin gindin aduwa ya ƙara faɗi, jar ƙasa na leƙowa ta ƙarƙashin ciyawar da aka watsa. Ashe Maigari ya ce a ci gaba da binnewa a baje har kaka, ko da baƙin za su dawo. Ba su dawo ba. Motocin hatsi dai sun zo, sun wuce ta gaban garinmu sun ƙetare zuwa Hayi. Aka ce mazanmu na zaune a ƙofar masallaci suna kallo suna cewa ga abincin mabarata ya wuce. Da rana ta take, lokacin da ba kowa a hanya, sai su tura matansu Hayi wurin dangi da ƙwarya a rufe cikin zane.

Na shiga gari ba wanda ya ce mini sannu da zuwa. A bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu. Suna ya bi ni, wai mai tallar gari. Inna Kulu ce ta gaya mini Sule ya rasu ba a daɗe da tafiyarmu ba, ta ce zazzaɓin damina ne. Mijin Hasiya ya ce mata a bari a ga gobe, goben ta yi ta zuwa har ta ƙare.

Washegari sai ga uwargidan Maigari ta yi sallama, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye. Can ta ce, "Maigari yac ce a ba shi ɗaya cikin abin ga na Nasara da kika zo da shi. Yana so shi duba ko da haram ciki, don kada a ɓata ma ɗiyan Musulmi ciki."

Na ba ta ɗaya, don ina so in ga iyakar abin. Da na fita ɗibar ruwa na bi ta ƙofar zaurensa, na hango shi daga ciki ya juya baya, ya farke ledar ya baje ta yana lasa, har da bin kusurwa da ɗan yatsa. Bayan kwana biyu matar ta dawo, wai binciken bai kammala ba. Na ce, "Ki ce mishi halal ta. In yana son ƙari shi tahi Konni a rataye shi ga sikeli." Ba ta sake zuwa ba.

Sha'aibu ya dawo da kaka da rediyo a hannu. An gaya masa komai tun a tasha. Bai sake ni ba, bai kuma ce na kyauta ba, ya ɗauki Balki ya yi mata wasa ya fita majalisa. Maigari Arzika ya yi shekaru bayan nan, ya je Makka, ya mutu a kan katifa, aka yi ta faɗin yadda ya riƙe mutuncin gari a shekarar fara. Balki yanzu tana Malbaza da 'ya'yanta. Hasiya ba ta sake haihuwa ba, ta rasu shekarun baya, tana can cikin masu tudu.

Na yi kwanaki da dawowa daga Konni ban ga Hasiya ba. Ina jin motsinta a bayan zana, ina jin dakanta, amma na kasa leƙawa, ita ma ba ta leƙo ba. Ran nan da hantsi ina zaune ina ba Balki abincinta, sai na ga inuwa a ƙofa. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta zauna a bakin tabarma. Na buɗe baki zan yi mata gaisuwa, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ba ni ita."

Na miƙa mata Balki. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta sama kaɗan, ta sauke, ta sake ɗagawa, yadda mace ke gwada ƙwaryar hatsi. Balki ta kama mata ɗankwali tana dariya, bakinta duk tunkuza. Hasiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta zaunar da ita a cinya ta dube ni.

Ta ce, "Ta yi nauyi. Da gaske akwai wuri cikin motar?"

Na ce, "Akwai."